Neman Gilashin Motar Lawali

Tafiyar nan ta ba ni wuya, kuma ba na son yawan maganarta. Amma tun da na dawo, duk wanda ya zauna kusa da ni a tasha ko a bakin masallaci sai ya ce, "Mamman, wai har Maradun ka kai saboda gilashin mota?" Na gaji da maimaitawa. Ga shi na rubuta, mai so ya karanta ya bar ni in huta.

Ga wanda bai sani ba, motar ta ƙanena ce, Lawali. Haya yake yi da ita tsakanin Bakura da Talatar Mafara. A ƙarshen rani 'yan bindiga suka tare hanya, ya ƙi tsayawa, suka harbo daga baya. Harsashin ya shigo ta gilashin ƙofar baya ta hagu, ya same shi a wuya. Bai saki sitiyari ba sai da ya fitar da fasinjojinsa daga wurin. Ya bar mata da yara ƙanana, ya bar Inna mahaifiyarmu, ya bar motar. Aka kawo ta gida aka ajiye a gindin dalbejiya, na ɗaure leda a wurin gilashin.

Ni manomin shinkafa ne, gonata na bakin kanal, hanyar ruwan noman rani, wajen Birnin Tudu. Na iya tuƙi tun ina saurayi, amma na daɗe da bari. Shinkafata ba za ta ciyar da gida biyu ba, wannan kowa ya sani. Mutanen tasha kuma sun riƙe wa Lawali layinsa, wato gurbinsa na yin lodi, saboda zaman mutunci da ya yi da su. Ranar wata Juma'a Ciyaman na tasha ya same ni bayan masallaci.

Ya ce, "Mamman, mun riƙe iya riƙewa, akwai masu jira. In motar ta fito ranar Talatar nan, layi na ɗiyan Lawali ne. In ba ta fito ba, za mu ba wani. Kuma kada ka kawo min ita da leda. Ruwa ya sauka, ba mai zama ruwa na dukansa. Bayan haka kowa ya san abin da ya fasa wurin, ba mai son ganin ramin."

Ban ga laifinsa ba. Da safiyar Asabar na shirya zuwa Mafara, inda masu kayan gyara suke. Za ku ce me ya sa ban tafi da motar ba. Na ce wa mutane mai ne babu. Gaskiyar ita ce har lokacin ban iya zama a kujerar nan ba.

To ai sai an je da awo. Ni kuwa awo ɗaya na sani. Na zaro karan dawa daga dannin bayan gida, na fere shi, na gwada faɗin tagar na yanke daidai, na gwada tsayinta na yi tsaga a jikin karan. Na riƙo shi na fita.

A motar da na shiga, sai na ga mutane suna matsa min. Wani dattijo ya dubi karan, ya dube ni, ya ce, "Allah ya sa mai ceto ne." Wata mata a baya ta ce, "Allah ya ba uwarsa haƙuri." Sai a lokacin na kalli abin da ke hannuna. Da kara muke auna mamaci a kai wa masu haƙar kabari, kuma tsawon nawa bai wuce na jariri ba. Ni da na auna Lawali da hannuna, ban kawo wannan a raina ba. Na ce musu ba mutuwa ba ce, awon gilashi ne. Ba wanda ya yi dariya. Dattijon ya ce, "To Allah ya kyauta," ya juya fuska.

A shingen farko masu tsaro suka leƙo, suka ga karan, suka ɗaga mana hannu ba su sauke kowa ba. Direban, wanda abokin layin Lawali ne, ya ce, "Yaya Mamman, kullum ka riƙa biyo ni da karan nan." Nan ma ba a yi dariya sosai ba.

Mafara ta canza min. Mu a Bakura in ka shiga shagon mutum sai ka tambayi gida, ka tambayi ruwa, ka tambayi gajiya kafin ka faɗi abin da ya kawo ka. Masu kayan gyaran Mafara kana cikin "ina kwana" suna cewa "wace mota?" Na zagaya rumfuna ina nuna kara, suna girgiza kai. Daga ƙarshe wani ya nuna min mai yanka gilashin tagogin gidaje. Shi kam ya karɓi karan da mutunci, ya ɗora a kan teburinsa, ya ce zai yanka min yanzun nan. Har ya ɗauko abin yankan. Na ce ya dakata in nemo mai ɗaurawa tukuna.

Haka na isa wurin Dogo. Sunansa Sanusi, amma ba mai kiransa haka. Gilashi da ƙofofin mota yake gyarawa, kuma ashe shi ke yi wa Lawali aiki. Da na faɗi ko ni wane ne, ya ajiye sufana, ya wanke hannu, ya yi min gaisuwa irin ta gida. Sannan na gaya masa maganar mai yanka gilashi.

Ya ce, "Ka biya shi?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Allah ya taimake ka. Wancan in ya fashe wuƙaƙe yake zama. Rami ɗaya za ka faɗa ya yanke wuyan ɗan mutane. Na mota gasa shi ake yi tun daga kamfani, in ya fashe sai ya zube kamar gishiri. Ba ya yankuwa, ba ya ragewa, kuma a lanƙwashe yake. Wannan sandar taka fa?"

Na ce awo ne.

Ya ce, "Malam Mamman, shinkafa ake aunawa. Gilashi sai ka san irin motar, ka san shekararta, ka san wace ƙofa, ta hagu ko ta dama, sannan ka san mai sauka da hawa ne ko ɗan ƙaramin nan mai kusurwa uku da ke manne. Abin da ka auna ma rabin gilashin ne, sauran yana cikin ƙofa. Jefar da ita."

Ban jefar ba. Ban san Dogo ba sai ranar, kuma na ce a raina ko me za a ba ni sai na gwada da hannuna.

Ya san motar sarai, tsohuwa ce mai dogon baya. Ya ce matsalar ke nan, gilashin bayan mai dogon baya daban yake da na 'yar'uwarta mai but, ko da shekararsu ɗaya. Ya bi rumfuna da kansa. Aka samu na dama, babu na hagu. Aka samu wani mai duhu, ya ce ko da ya shiga, kowane shinge sai an sauke ni an tambayi wa nake ɓoyewa. Ya kira Gusau, ya kira Sakkwato. Duk suka ce sai kaya sun iso, kuma ba kafin Talata ba.

Ya zauna. Can ya ce, "Akwai irinta guda a Maradun, a ƙofar gidan wani dattijo, Malam Ɗahiru. Ta ɗansa ce, Murtala. Shi ɗauke shi aka yi a hanya tun bara, aka tsinci motar ƙofofi a buɗe. Gilashin gaba ya fashe, amma na baya lafiya lau, na gani da idona. Masu kayan gyara sun yi ta zarya, ko ƙusa ya ƙi sayarwa."

Na ce, "An ji labarin yaron?"

Ya ce, "An ji muryarsa a waya da farko. Daga baya shiru."

La'asar ta wuce, ba mai kama hanyar Maradun a wannan lokaci. Dogo ya ce in kwana a shagonsa, gobe ya kai ni a babur. Na ce aikinsa fa? Ya ce Lawali ya sha ɗauko masa kaya daga Bakura bai taɓa karɓar komai ba. Aka kawo min tuwon shinkafa daga gidansa. Shinkafar ba ta bushe ba aka casa ta, na ji a baki, amma ban faɗa ba sai da ya tambaya. Ya ce, "Ka ci ka yi shiru, manomi." Na kwana a kan kujerar wata mota da aka ciro, tsakanin ƙofofi jingine, sauro kuwa kamar an aiko su.

Da hantsi muka kama hanya. Shinge bayan shinge, wasu na sojoji, wasu na 'yan banga. Gonaki masu kyau a gefen hanya, ruwa ya jiƙa su, ba kowa a ciki. Na ga ƙauyen da ciyawa ta fito a ƙofar masallacinsa. Dogo mai surutu ne, amma daga wani wuri ya yi shiru ya ƙara wuta, ni ma ban tambaye shi ba.

Mutanen Maradun suna da wata gaisuwa da ta tsaya min a rai. Mu in an ce "an kwana lafiya?" kafin a rufe baki ka ce lafiya lau. Su in sun tambaya sai su tsaya su jira amsa, kuma sai sun ji ta wace hanya ka biyo da abin da ka gani. Ko mai sayar da fura sai da ta tambaye mu.

Motar na nan a ƙofar gidan, ƙarƙashin rumfar kara, tayoyi a kan duwatsu. Launinta daban da na tamu, amma ita ce sak. An rufe gabanta da tabarma. Jikinta fes, babu ƙura ko kaɗan. Muka yi sallama. Ni duk hankalina na kan yadda zan fara magana, na manta da abin da ke hannuna.

Dattijon ya fito yana laluben bango, idonsa ya yi rauni. Ya amsa sallama, ya miƙo hannu, hannunsa ya faɗa kan karan. Ya tsaya. Bai tambayi ko mu su wane ne ba. Ya karɓe shi daga hannuna, ya shafa daga wannan baki zuwa wancan, ya taɓa tsagar, ya sake shafawa. Na ji motsin mata a bayan ƙyauren zaure, sannan motsin ya ɗauke.

Ya ce, "Wannan bai kai Murtala ba."

Dogo ne ya yi saurin cewa, "Baba, ba wannan ya kawo mu ba. Wallahi ba mu zo da labarin kowa ba. Awon tagar mota ne."

Dattijon ya juya wajen ƙyauren ya ɗaga murya kaɗan, "Ba komai. Baƙi ne." Ya jingina karan a waje, ya ce, "Ku shigo. Wannan ya tsaya nan."

A zaure na ba shi haƙuri, na ƙara ba shi. Ya ce ya wuce. Na gaya masa komai, Lawali, yaran, layin tasha, ranar Talata. Ya saurara har na gama. Ya yi wa Lawali addu'a doguwa. Sannan ya ce, "Ɗana, naka ka gan shi, ka auna shi, ka rufe shi. Ni nawa ban gani ba. Abin mamaci ake rabawa a sayar. Mai motar ga bai mutu ba. In na cire mata ko ƙusa na karɓi kuɗi, mi zan ce wa uwarsa?"

Na ce gaskiya ne. Na yi niyyar tashi, sai hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa har bayan la'asar. Ya ce ba inda za mu, hanya ta rufe ke nan sai gobe.

Da magariba aka kawo abinci, tuwon dawa da miyar sure, da kifin dam busasshe. Kwano uku aka kawo, na dattijon, da na Dogo, da wani mai murfi wanda aka goge har yana sheƙi. Aka ajiye shi gabana. Malam Ɗahiru ya ce, "Na Murtala ne. Kullum uwarsa sai ta zuba, da safe a ba mabuƙaci. Yau ta ce a ba baƙon da ya rasa ƙanensa." Mu a wajenmu in mutum ya tafi, kwanonsa kifewa ake yi a ɗaga sama. Ban taɓa cin abincin wanda ake jira ba. Na ci, don ƙin ci ya fi muni.

Bayan sallar asuba na fito na tarar da dattijon yana goge motar da tsumma, yana bin ta da lalube. Ashe kullum haka yake yi. Na ɗauki bokitin ruwan da ke gefensa na riƙa bin sa. Da ya zo ƙofar baya ta hagu ya daɗe a kan gilashin.

Ya ce, "Yaran nawa ne ya bari?"

Na gaya masa, na ce ƙaramar ba a yaye ta ba.

Ya ce, "Mun yi magana da uwar Murtala. Ba zan sayar ba, kuma ba kyauta ba ce. Aro ne. Murtala ya sha ba abokan aikinsa aron taya, ba zai ji haushi ba. Ranar da ya dawo, in aiko maka, ka ciro ka kawo."

Na ce, "Baba, ko da tsakar rana aka aiko, a ranar zan kawo."

Ya ce, "In ya fashe a hannunka fa?"

Na ce sai in nemo wani ko daga ina ne.

Ya ce, "To kira abokinka."

Dogo ya cire marfin cikin ƙofar, ya kwance abin da ke riƙe da gilashin, ya karkato shi ya zaro a hankali. Ya nuna min ɗan tambarin da ke gindinsa ya ce irin namu ne. Ban gwada da kara ba. Ban ma san inda karan ya shiga ba, ina jin an sa shi a murhu. Dattijon ya ce kada a sa wa motar leda. Muka samo falanki, Dogo ya yanka daidai ya zura a wurin, ya toshe gefe da roba don kada ruwa ya shiga. Daga cikin gida aka miƙo tsohon bargo na naɗe gilashin. Ban ga fuskar matar ba har muka tafi.

Dogo ya ce, "A tsaye za ka riƙe shi, kada ka kwantar. Fuskarsa tana da ƙarfi, bakinsa ne ba ya son ƙwanƙwasa. In ka bari gefen ya bugi ƙarfen babur, gishiri za ka kai Bakura." Haka na rungumo shi tsakanina da bayan Dogo, iska tana turo shi tana neman kayar da mu. A wani shinge wani ɗan banga ya ce a kwance, ya ɗaga bakin bindigarsa zai ƙwanƙwasa ya ji mene ne. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Abokan aikinsa suka taso. Dogo ya yi ta ba da haƙuri, ya buɗe bargon suka gani. Babbansu ya ce, "Kai tsoho, saboda gilashi za ka sa a harbe ka?" Na ce ba nawa ba ne. Ya ce mu wuce.

Mun iso Bakura da azahar, hannuwana sun sandare. Dogo ko ruwa bai sha ba ya kama aiki. Da ya buɗe ƙofar motar Lawali ya rufe, sai na ji wani ƙara a cikinta kamar tsakuwa a gwangwani. Ya cire marfin. Tsohon gilashin ne, duk ya zube a cikin ƙofar tun ranar. Ya ce in ba a kwashe ba zai karce sabon, ya cije abin murzawa, ya toshe hudojin da ruwa ke fita har ƙofar ta ruɓe. Ya ce in kawo kwano. Muka yi ta kwasa da hannu da tsinken tsintsiya, har cikin robar taga da ƙarƙashin kujera. Kwanon ya kusa cika.

Inna ta fito. Tun rasuwar ba ta taɓa zuwa kusa da motar ba. Ta tsaya ta dubi kwanon. Dogo ya zura gilashin, ya ɗaure, ya shafa mai a hanyarsa, ya murza ya hau, ya murza ya sauka. Inna ta sa tafin hannu a jikinsa. Ta ce, "Na wa ne?" Na ba ta labarin Malam Ɗahiru da kwano mai murfi. Ta ce, "Mi ne sunan yaron?" Na ce Murtala. Ta maimaita sunan sau biyu don ta riƙe, ta koma ciki.

Washegari Talata. Bayan sallar asuba na ɗauki fartanya na haƙa rami a bayan danni, na juye kwanon a ciki na rufe, don kada yara su taka. Na wanke motar. Na daɗe a tsaye riƙe da ƙofar direba, sannan na yi bisimilla na zauna. Kujerar ta yi min nisa, Lawali ya fi ni tsawo, na jawo ta gaba. Na isa tasha kafin a fara lodi. Ciyaman ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa rufinta, ya ce wa kamasho a sa ta a layi. Wani mai buhun albasa ne ya fara shiga, ya zauna a baya ta hagu, ya kamo ƙofar zai bugo ta da ƙarfi. Na riƙe ta.

Na ce, "A hankali, malam. Gilashin aro ne, mai shi na nan dawowa."